Tulun Gaoui da Takardar Jika Goma

Suna cewa an sauya takardar kuɗi don amfanin talaka. Shekara talatin na yi ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ban taɓa ganin sauyin da aka shawarci talaka a kansa ba. Amma wannan karon ya yi mini aiki.

Mijinyawa mahauci ne a unguwar Amriguébé, mijin 'yata Hidaya. Da rana tsaka ya je ƙauyen Gaoui wurin wani boka mai gasa tukwane. Ɗakin duk toka ne da ƙahonin raguna, ga warin jini. Bokan ya naɗe tsohuwar takardar jika goma da jan zare, ya jefa cikin sabon tulu.

"Za ta haihu kullum," in ji shi. "Amma wanda ya sha ruwan farko na tulun nan, nawa ne."

"Ko akuya ce, Baba?"

"Akuya ce ta aiko ka neman arziki?"

Mijinyawa ya koma gida. Ya kai wa 'yata tulun, wai tsaraba, ita ta sha ruwan farko.

Cikin wata uku ya sayi garken shanu da gida a Sabangali. Hidaya ta bushe kamar kara, muka binne ta. Ƙanen Mijinyawa, Shafi'u, da ya sha bayanta, ya fara haushi irin na kare.

Ranar sadakar arba'in Mijinyawa ya danƙa mini takardu biyar, yana kukan munafunci. Na sa tabarau. Lambarsu ɗaya, duka biyar. A kasuwa wa yake duba lamba? Na ɓoye su, na jira.

Da aka fito da sabuwar takarda, ya zo a ruɗe, don tulun bai san wata takarda ba sai tsohuwar.

"Inna, ke kika yi boko. Yaya zan yi?"

"Kwashe duka ka kai banki, ɗana. Da hannunka."

Buhu huɗu ya kai. Da aka ga lambar duk ɗaya ce, daga can aka wuce da shi kurkuku, aka kwashe shanu da gida. Da aka sake shi ya haukace, yanzu yana yawo bakin kogin Chari tsirara, yana ba kowa labarin bokan; a bakinsa na ji.

Kai mai kwaɗayin arzikin dare ɗaya, ka sani kowace 'ya tana da uwa. Tulun yana ɗakina, na cika shi da ruwa. Duk sa'ad da Mijinyawa ya wuce da ƙishi, ina miƙa masa.