Kofuna Shida na Marigayi Yeoh

Ranar Talata da hantsi aka bugo waya ofishin 'yan sanda na George Town cewa an fasa mashayar otel ɗin Serindit. Sufeto Shahrom ya ɗauki Saje Kumaresan suka tafi, da zaton za su tarar an kwashe kwalaben giya masu tsada.

Mai otel ɗin, Madam Yeoh, wata tsohuwa 'yar siririya, tana tsaye a tsakiyar mashayar ta dogara sanda.

"Me aka ɗauka?" in ji Sufeto.

"Kofuna."

"Kofuna kuma?"

"Guda shida. Tun kafin yaƙin duniya mahaifina ya sayo su. Yanzu ko masu ƙera irinsu babu."

Sufeto ya dubi Saje, Saje ya ɗaga kai yana kallon silin. Fashi biyu ne ke jiransu a ofis, ga wani magidanci da ya ɓata tun makon jiya, amma an taso su kan kofi.

Sufeto ya duba kabad ɗin gilashin da ake ajiye su. Ba a taɓa kwaɗon ba. Ya je wurin tagar baya da aka fasa, ya leƙa. Ɓaraguzan gilashin duk suna can waje a lungu, ko ƙwaya ɗaya babu a ciki.

"Ɓarawon nan daga ciki ya fasa taga," ya ce. "Su wa ke da makulli?"

"Ni, da Desmond ɗan ƙanena, shi ne manaja. Sai Foo, mai haɗa giya."

Da ta ambaci sunan ƙarshen ba ta juya ba, ko da yake mai sunan yana zaune a bayan kantar mashayar, wani dattijo mai farar riga, ya sunkuyar da kai.

Desmond ya matso. Matashi ne mai ƙamshin turare, hannunsa na dama a naɗe da bandeji.

"Yallaɓai, ni na kira ku. Wallahi ban so abin ya kai haka ba. Ni na ba Gwaggo shawara a duba kayan ma'aikata, sai ga wannan a jakar Kawu Foo."

Ya nuna wani kofi da ke kan tawul. Faffaɗan baki gare shi da doguwar ƙafa, an zana masa furanni ƙanana a gefe.

"A gaban kowa aka buɗe jakar?"

"A gaban kowa," in ji Madam. "Shekara arba'in yana cin abincin gidan nan."

Sufeto ya sallame su, ya ja kujera ya zauna gaban dattijon.

"Baba, wannan kofin shan giya ne ko?"

Kawu Foo ya ɗago kai kamar an zage shi.

"Kofin shan giya? Ɗana, babu wani abu wai shi kofin shan giya. Kowane haɗi da kofinsa."

"To, ni dai abin da nake so in sani..."

Ina, tsoho ya riga ya miƙe. Ya shiga jero kofuna a kan kanta.

"Ka ga wannan gajeren tambulan mai kaurin gindi? Na wiski ne da ɗan sukari da ɓawon lemo, a jefa ƙatuwar ƙanƙara ɗaya. Dole ya yi kauri, don a cikinsa ake dama sukarin. Wannan dogon kuwa na giyar jin ne da lemun tsami da soda. Bakinsa matsattse ne don kada kumfar ta gudu."

"Baba."

"Wannan mai tsinin gindi na Martini ne. Wannan mai kauri mai mariƙi na gahawa ce mai zafi da wiski, a sa kirim a sama."

"Baba, ni ba na shan giya, kuma ban zo koyon sana'a ba."

"Ai kai ka tambaye ni."

"Na janye tambayar."

"Su kuwa na Marigayi mahaifin Madam," Kawu Foo ya ci gaba abinsa, "sirara ne kamar ɓawon albasa. Na haɗin da ake girgizawa da ƙanƙara a tace ne, irin su Sidecar. Sai an sa su a firiza sun yi sanyi ƙalau kafin a zuba. Kuma a ƙafa ake riƙewa, don kada ɗumin hannu ya ɓata haɗin. Sau ɗaya a shekara ake fito da su, ranar da aka buɗe otel ɗin nan."

Sufeto ya dafe goshi. Saje yana can gefe yana danne dariya.

Amma duk wannan surutun, Sufeto ya lura da abu ɗaya. Duk kofin da tsohon ya ɗaga sai ya yi 'yar ƙara kafin ya zauna a kan kanta.

"Ina kake jiya?"

"A gida. Ranar Litinin a rufe muke."

"Wuni guda?"

"Wuni guda."

"To a gidan aka ɗebi jininka?"

Kawu Foo ya yi sauri ya ja hannun rigarsa ya rufe filastar da ke gwiwar hannunsa. Ya zauna a hankali.

"Asibiti na je," ya ce ƙasa-ƙasa. "Hannuna ya fara rawa. Don Allah kada Madam ta ji. In ta ji, ta gama da ni."

"Wato ka gwammace a ce maka ɓarawo da a ce maka mara lafiya?" Sufeto ya girgiza kai. "Yau na haɗu da aiki."

Ya sa hankici ya ɗauki kofin da aka samu a jakar, ya kai shi bakin taga inda haske yake. Can ya hango wata tsaga siririya kamar gashi, daga baki har gindi. An wanke kofin tas, amma cikin tsagar akwai wani layi ruwan ƙasa da wanki bai kai gare shi ba. Ya kai hancinsa.

Giya kam bai san kanta ba, amma gahawa ya sani. Ya kuma tuna ranar da ya zuba tafasasshen shayi a kofin gilashin matarsa, ya tsage a hannunsa, aka wuni ba a yi masa magana ba.

"Baba, ka taɓa zuba gahawa a cikin wannan?"

Tsohon ya dafe ƙirji.

"Gahawa? A kofin Marigayi? Gara a yanke mini hannu."

"Saje, je ka bayan kicin ka zazzage bolar nan. Ka kuma tambayi mai karɓar baƙi wa ya shigo nan jiya."

"Bola kuma, Yallaɓai?"

"Ni na saurari karatun kofi, kai ka ji da bola. Kowa ya samu rabonsa."

Ya sa aka kira Desmond da Madam.

"Me ya sami hannunka?"

"Salansar babur ce ta ƙona ni."

"A tafin hannu? Ni na san salansa da ƙwauri take ƙonawa. Ko rungumarta ka yi?"

"Faɗuwa na yi, na dafa."

"Yaushe ka sayi babur?" in ji Madam. "Kai da ko kasuwa sai a mota?"

"Na abokina ne, Gwaggo."

"Ka shigo mashayar nan jiya?" in ji Sufeto.

"Me zai kawo ni? A rufe take."

"Ka iya haɗa giya?"

"Ni manaja ne, Yallaɓai, ba mai tsayuwa bayan kanta ba."

"Ya iya, in ji shi," Kawu Foo ya sa baki. "Ran nan ya zuba Martini a dogon tambulan, ya cusa ƙanƙara har da tsinken zuƙa."

"Baba, don girman Allah ka bari."

Ana cikin haka Saje ya shigo, ya yamutsa fuska, yana riƙe da wani ƙulli na tsohuwar jarida nesa da jikinsa. Ya ajiye a kan kanta ya warware. Dusar gahawa ce jiƙaƙƙa, a cikinta ga ƙafafun kofuna biyar da fasassun gilasai masu zanen furanni.

Madam ta kama gefen kantar.

"Mai karɓar baƙi ta ce jiya da la'asar, lokacin da ake ruwan nan, manaja ya shigo da iyayen budurwarsa," in ji Saje. "Ta ce ta ji shi yana cewa zai ba su abin ɗumama jiki."

Sufeto ya juya ga Desmond.

"Bari in faɗa maka yadda aka yi, in na yi kuskure ka gyara mini. Ka so ka burge surukai. Ka buɗe kabad, ka sa kofunan a firiza saboda ka ga haka Baba yake yi. Sannan ka fito da su da sanyinsu, ka kwarara musu tafasasshiyar gahawa. Biyar suka fashe, ka ƙona hannu. Na shida ya tsage kawai, ka wanke shi ka cusa a jakar tsoho, ka fasa taga, ka kira mu."

Desmond ya dubi gwaggonsa, sai ya zube a kujera.

"Mahaifin budurwata Sharon ne ya ce yana son gahawa da wiski. Na ga ba zan ba shi a wannan ƙaton mai mariƙi ba, kamar a shagon shayi. Ni ina na san za su fashe? Kofi ai kofi ne."

Kawu Foo ya yi wani nishi kamar an soke shi.

"Fasa su tsautsayi ne," in ji Sufeto. "Me ya kai ka jakar mutum?"

"Gwaggo ta ce duk wanda ya taɓa su ya bar gidan nan. Kuma ita za ta bar mini otel ɗin." Ya share hanci. "Dama tun bara nake cewa a sallame shi a kawo matasa. Na ɗauka korarsa kawai za a yi, ban ɗauka za a kai shi kotu ba."

"Kai da ka kira 'yan sanda? Me ka ɗauka muke zuwa yi, ɗaukar hoto?"

Sufeto ya gaya masa laifinsa: kai rahoton ƙarya da ƙulla wa wani sharri. Saje ya kama shi a damtse.

"Gwaggo, ki yi magana mana. Maganar gida ce."

Madam ba ta ko dube shi ba. Ta taka a hankali zuwa gaban kantar, ta tsaya. 

"Foo," ta ce, "tashi ka share wurin nan, an kusa buɗewa."

Tsohon ya gane cewa iyakar ban haƙurin da za ta iya ke nan. Ya miƙe, ya kwance ɗamarar aikinsa ya ninke ta da kyau, ya ciro makullinsa ya ɗora a kai.

"Da ke kaɗai kika kira ni ɗaki kika tambaye ni, Madam, da na share," ya ce. "Amma a gaban yaran da na koya wa aiki kika sa na zazzage jakata."

Ya rataya jakar ya bi ta ƙofar gaba, wadda ma'aikata ba sa bi. Madam ta kira sunansa sau ɗaya, bai waiwayo ba.

A bakin mota Desmond ya turje.

"Yallaɓai, ka ce masa ya bi a hankali, hannuna ciwo yake."

Sufeto ya dubi tsohon da ke tsallaka titi shi kaɗai cikin rana, sannan ya buɗe ƙofar baya.

"Shiga mota," ya ce.