Farin Ƙwan Babur Ɗin Maharazu

Shekara goma sha ɗaya Maharazu yana bin hanya guda. Rumfar takalma gare shi a kasuwar Daura, gidansa kuma yana wani ƙauye bayan Sandamu. Kullum idan rana ta yi ja sai ya rufe rumfa, ya hau babur, ya bar titi ya bi wani yanke ta cikin gonaki, ta gindin wata tsohuwar tsamiya, ya iso gida ana idar da sallar magariba.

Wata Laraba, Badaru bakanike ya cire masa jan ƙwan fitilar gaba, ya saka masa farin ƙwan zamani da ake kira LED. Maharazu ya ji daɗinsa ƙwarai, don yana haska gona har iyakarta. Yana isa gindin tsamiya a yammacin nan sai ya ji tayar gaba ta hau wani abu mai laushi. Ya tsaya, ya sauka, ya duba. Babu komai sai yashi da sawun tayarsa. Da ya koma kan babur, sai ya ga 'yar fitilar gargaɗi da ke jikin mita tana ƙiftawa, alamar ƙwai ya mutu. Ga shi kuwa ƙwan yana ci tar.

Washegari ya koma wurin Badaru.

"Kai dai ka cika tsoro," in ji Badaru yana dariya. "Sabon ƙwan ba ya cin wuta kamar tsohon, shi ya sa babur ke zaton ya ƙone. Bari in sa masa rezista, ɗan abin da zai shanye ragowar wutar."

Ya saka. Fitilar ta ci gaba da ƙiftawa. Ya canja fiyus, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya kankare bakin batir. Daga ƙarshe ya goge hannunsa, dariyar ta tafi.

"Maharazu, ni dai ban ga laifin komai ba."

Magaribar ranar, matarsa Adama tana kwashe tuwo, dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Wani ya biyo, wani ya sake biyowa. Aka leƙa waje, babu kowa. Kaji suka yi tsit. Can daga bayan katanga aka ji wata murya siririya, kamar ta mace mai kiran ɗanta ya dawo gida, tana kira tana shiru, tana jiran amsa.

'Yarsu Khairunnisa, ita kaɗai Allah ya bar musu, shekararta tara, tana tsugune tana wanke kwanuka. Ta ɗago kai.

"Inna, wa ya kashe hasken?"

Idanunta a buɗe suke, garau, hawaye na zuba daga cikinsu ba tare da ta yi kuka ba. Tun daga lokacin ba ta ƙara ganin komai ba, ko da rana. An kai ta asibiti, aka haska, aka auna, aka ce ido lafiyarsa lau. Maharazu ya tsaya a bakin ƙofa yana jin maganar Badaru tana dawo masa. Kwana bakwai duwatsu suna sauka da magariba, kwana bakwai hawayen yarinyar bai tsaya ba.

A rana ta bakwai ya ɗauko Malam Nu'uman, wani dattijon malami daga cikin Daura. Bayan sun yi sallah, Malam ya sa aka zaunar da yarinyar a tabarma, ya fara karatu a hankali, bai ɗaga murya ba. Jifa ya tsaya. Khairunnisa ta miƙe bayanta, ta juyo da fuska, muryar da ta fito daga bakinta ta babbar mace ce, wadda kuka ya dusashe.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, baiwar Allah? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"A tsamiya nake. Mun san maigidan nan. Shekara da shekaru, in na hango jar wutarsa daga nesa, sai in tattara 'ya'yana daga hanya har ya wuce. Rannan sai ga haske fari ya cika gona." Sai ta ci gaba: "Autana ya ce, Inna, wata ya fito. Ni ma na ɗauka farin wata ne. Ni da kaina na ce ya je ya yi wasa."

Adama ta rufe bakinta da mayafi.

"Bai gan shi ba," in ji Malam. "Kin san bai gan shi ba. Yarinyar nan kuma ba ita ta hau babur ba. Ki ji tsoron Allah, ki sake ta."

"Nawa ma bai yi wa kowa komai ba. Maigidan nan ya tsaya, Malam. Ya duba ƙasa, ya duba taya, ya hau ya tafi. Kwana takwas ke nan yana yawo da babur wurin gyara. Ni ko mutum ɗaya bai ce mini ya haƙuri ba."

Malam ya buɗe baki zai koma karatu, Maharazu ya dafa gwiwarsa.

"Allah gafarta Malam, a dakata."

Ya cire takalmansa, ya matso, ya durƙusa a gefen tabarma kamar yadda ake yi a gidan makoki.

"Ya muka ji da haƙuri? Allah ya ji ƙansa. Allah ya ba ki dangana. Ni ne sanadi, ki yafe mini."



"Haƙuri sai ma'abocinsa," muryar ta amsa a hankali. "Na gode. Ka mayar da jar wutarka, don sauran su gane ka. Zan tafi. Ganinta na rana zai dawo. Na dare kam ba ya hannuna, da idonta na yi kukan kwana bakwai, ya bi hawaye."

Malam ya sa ta yi alkawari da sunan Allah ba za ta dawo ba. Ta yi. Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta tana barci.

Da gari ya waye ta ga fuskar Adama, ta ga kaji, ta ƙirga su. Badaru ya mayar da tsohon ƙwai, fitilar gargaɗi ta mutu nan take. Amma da zarar rana ta faɗi, duhu yake rufe Khairunnisa har asuba. Dundumi, in ji mutanen gari, aka yi ta kawo hanta da magunguna, ba su yi ba.

Bayan 'yan makonni, wata yamma Maharazu ya dawo ya tarar da ita zaune a bakin zaure. Daga dandali ana jin tafi da waƙar 'yan mata. Ya jingine babur, ya zauna kusa da ita. Ta laluba ta kama hannun rigarsa.

"Baba, watan ya fito ne?"

Ya ɗaga kai. Ya fito, ya cika, ya haske ƙauyen gaba ɗaya.

"Bai fito ba tukuna," ya ce. "Zauna nan wurina."