Gidan Dogo Mai Auduga

Ku yaran yanzu, kunnuwanku na ado ne. Babba yana magana, kuna kallon bango. To, ku ji abin da raini ya jawo wa wata yarinya a birnin Umdurman.

Zamanin mulkin soja ne. Man fetur ya yi wuya, shiga mota sai da kokawa. Makarantar yarinyar da nisa, sai babanta ya ce a gida za ta yi karatu.

Lissafi ya ƙi shiga kanta. Baban ya ajiye littafi, ya koya mata da ƙwallayen dabino, ta gane. Tarihi kuwa hadda take yi kamar aku.

Baban ya ce, "Daga yau kakarki Gogo ce malamar tarihi. Ki fara da na gidanku."

Yarinyar ta turo baki. "Baba, Gogo fa ko sunanta ba ta iya rubutawa."

Ku ji rashin kunya. Kullum Gogo ta shimfiɗa tabarma, sai ja'irar ta sulale gidan maƙwabta.

Ran nan wani tsoho ya yi sallama a ƙofa, ƙafafunsa duk ƙura. Ya ce, "'Yata, nan ne gidan Dogo mai auduga?"

Ta ɗaga kafaɗa. "Babu mai wannan suna a nan."

Tsohon ya juya a hankali. Ya ce bari ya gwada garin Bahri, can ƙetaren kogi.

Da Gogo ta ji, sai kofin shayi ya suɓuce mata. "Dogo ubana ne. Shi ya yi ta tsintar auduga a gonakin Jazira har ya gina gidan nan. Babu mai kiransa haka sai ƙanena Mika'ilu. Rabona da shi tun ina amarya."

Baban ya ce wa yarinyar, "Sa takalminki."

Babu mota. A ƙafa suka haye gada, rana tana dukansu. Suka bi masallatan Bahri suna tambaya. Sai bayan la'asar suka same shi a gindin wata bishiya.

Yarinyar ta durƙusa. "Kaka, ka yafe mini. Ni jinin Dogo ce."

Ya yi dariya. "Ai ga hancinsa nan a fuskarki."

Da suka dawo da shi gida, Gogo ta rungume ƙanenta. Gida ya cika da murna. Wanda bai san sunan kakanninsa ba, shi zai kori ɗan'uwansa daga ƙofa.

Yanzu malaman tarihinta biyu ne, kuma ita ke shimfiɗa musu tabarma. Ƙafafunta kuwa sun yi bororo. Sati guda ba ta iya sa takalmi ba.