Ƙararrawar Baba

Ranar da ya fara leƙa ajinta na Turancin manya, zufa yake yi kamar wanda aka koro. Sabon sakatare ne a wani ofis, ga shi oga ya umarce shi da wata kalma da bai taɓa ji ba: convene.

"Malama, me ake so in yi? Kunya ta hana ni tambaya a ofis."

Ta ɗago, suka haɗa ido, alli ya kusa suɓuce mata.

"Kiran taro ne, amma ba irin na hirar bakin ƙofa ba," ta ce. "Mai hurumi ne ke kira, ya faɗi lokaci da dalili, kowa ya zauna. Daga Latin ta samo asali, wato a zo tare."

"A zo tare," ya maimaita, idonsa a kanta, ba a kan allo ba.

Karatu ya ƙare, ɗalibi bai daina zuwa ba. Sai saƙonni:

"Malamata, yau ma ban gane komai ba. Laifin murmushinki ne."

"Ɗalibina, ka ji tsoron Allah. Kai ka fi kowa maki."

Matsalar ɗaya ce: mahaifinta, Baba. Tsohon shugaban ƙungiyar direbobi ne, ya yi ritaya amma shugabancin ya biyo shi gida. Ko labule za a canza, sai ya kaɗa 'yar ƙararrawarsa ta tagulla kowa ya hallara a falo. Maganar da aka yi masa a tsaye kuwa, bai ji ta ba.

Kawun sakatare, sarkin gaggawa, bai san haka ba. Ya tarar da Baba yana wanke mota, nan take ya zube masa maganar aure.

"Auren 'yata a bakin bokiti?" Baba ya matse soso. "Ba zan kira zama a kanku ba."

Ya kuma sa wa dangin wani mai kantin magani ranar Asabar su zo neman aurenta, don su sun nemi izini yadda yake so.

Sakatare ya ji labari, zuciyarsa ta karye. Ya rubuta: "Idan shi kika zaɓa, Allah ya sanya alheri."

Ta yi kuka sosai, har Mama ta karɓi wayar ta karanta. Can sai amsa ta iso masa: "Kai kaɗai nake so, sarkin fushi. Mama ta ce ku zo da Kawu ranar Juma'a da yamma."

Suna zama a falo, ƙararrawa ta yi ƙara. Baba ya fito da hula a karkace.

"Wa ya taɓa min ƙararrawa?"

"Ni ce," in ji Mama. "Kai ka ce wanda ya kafa gida shi ke da hurumi. Ai tare muka kafa shi."

Baba ya gyara hularsa. Dokarsa ce, in an kaɗa dole a zauna. Ya zauna.

Kawu ya ba da haƙuri, ya gabatar da buƙata, wannan karon a kan kujera. Baba ya juya ga 'yarsa.

"Ke fa, uwata?"

"Baba, shi nake so," ta ce, kanta a ƙasa.

Mama ta ce a yi ƙuri'a, ta ɗaga hannu, yayan Malama ya ɗaga, Kawu ya ɗaga har biyu. Baba ya yi ta maza, amma dariya ta ci ƙarfinsa.

"Shugaba ba ya jayayya da zama. Na ba ku."

Ranar aure ya damƙa wa ango ƙararrawar, idonsa ya cika da ƙwalla. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Amma ka sani, ita ma tana da hurumi."

Washegari ango na ɗaure takalmi ya ji an kaɗa. Ya shigo falo, ya zauna da ladabi.

"Malamata, mene ne dalilin zama?"

"Babu," ta ce tana murmushi. "So nake ka zo kusa."