Abin da Mai Gadi Ya Faɗa

Ranar Laraba bayan an tashi daga darasi, aka nuna fim a ɗakin taro na makaranta. Gajeren fim ne na zane, minti takwas kacal, kuma babu mai magana a cikinsa. An gayyaci iyaye, har mai gadi ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofa.

A farkon fim ɗin wata akuya ce ke zuwa rafi kullum, har sawunta ya zama 'yar hanya. Mutane suka bi hanyar, suka kafa bukkoki. Bukkoki suka zama gidaje. Aka gina gada, aka zuba kwalta, motoci suka cika ko'ina. Rana tana fitowa tana faɗuwa kamar ƙiftawar ido. Daga ƙarshe garin ya tsufa, mutane suka watse, ciyawa ta rufe titi.

Wata yarinya 'yar aji biyar, wadda ake kira Auta a gida, ta kalle shi baki buɗe. Ba ta taɓa ganin abin da ya burge ta haka ba.

Da aka kunna fitila, malamarsu ta miƙa mata littafi.

"Ki tambayi mutum uku abin da suka gani," in ji Malama. "Za mu manna a allon sanarwa, mu kuma aika wa matar da ta zana fim ɗin. Shekara biyu ta yi tana aikinsa."

Auta ta fara da babanta, wanda direban babbar mota ne.

"Ya yi kyau ƙwarai," in ji Baba. "Amma titin nan babu rami ko ɗaya. Ki tambaye ta inda yake, in koma can da aiki."

Ƙawarta kuwa ta ce, "Ina son launukan. Amma ƙarshen ya ba ni tsoro. Ina mutanen suka tafi?"

Na uku shi ne mai gadi.

"'Yata, ni magini ne kafin bayana ya gaji. Na ji daɗin fim ɗin nan. Sai dai an yi saurin wuce masu gina gadar. Ko fuskarsu ban gani ba. Da an tsaya kaɗan, an bar su sun share gumi."

A gida Auta ta karanta abin da ta rubuta, ranta ya ɓaci. Wannan ya ce rami, waccan ta ce tsoro, wancan ya ce sauri. Ta ga kamar matar za ta yi kuka idan ta karanta. Sai ta yage shafin ta rubuta sabo. A bakin kowa ta sa yabo zalla, da manyan kalmomi.

Washegari aka manna takardar.

Lokacin hutun tara, mai gadi ya kira ta. Yana tsaye gaban allon yana murmushi.

"An ce maganata na nan. Na bar tabarau a gida. Karanta mini, 'yata."

Auta ta dubi takardar. Ta karanta a hankali: "Wannan fim gagarumi ne, babu aibi a cikinsa ko kaɗan."

"To, wannan na wani ne. Karanta nawa."

"Shi ne naka, Baba."

Murmushin ya bar fuskarsa. "Ina masu gina gadar?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Ba komai," in ji shi. "Wataƙila maganar tsoho ba ta dace da allo ba." Ya koma kan bencinsa.

Ƙawarta ma ta ƙi zama kusa da ita. "Kin sa mini magana a baki," in ji ta. "Ni ban ma san ma'anar gagarumi ba."

Auta ta kasa cin abincinta. Kafin a koma aji ta je wurin Malama, ta faɗa mata komai, hawaye na zuba.

"Me ya sa kika yi haka?" in ji Malama.

"Ina son fim ɗin, Malama. Ba na son kowa ya kushe shi."

"A cikinsu wa ya ce bai so shi ba?"

Auta ta yi tunani. "Babu."

"Kin gani? Mutumin da ya lura ba a nuna fuskar magina ba, ai ya fi kowa zuba ido. Ba kushe ba ne. Je ki cire takardar da hannunki."

Auta ta cire ta a gaban kowa. Ta ba ƙawarta haƙuri. Sannan ta je bakin ƙofa ta durƙusa.

"Baba, ka yafe mini. Don Allah ka sake faɗa, zan rubuta yadda ka faɗa."

Mai gadi ya matsa mata wuri a kan benci. Ya maimaita maganarsa, ta rubuta, ta karanta masa. Ya gyaɗa kai. "Yanzu na ji muryata."

Aka aika wa matar maganganun ukun yadda aka faɗe su. Bayan mako biyu Malama ta shigo aji da amsarta. Matar ta ce maganar rami ta ba ta dariya sosai. Ta ce ita ma ba ta san inda mutanen suka tafi ba, tana son yara su rubuto mata tunaninsu. Tare da wasiƙar akwai zane guda: magina uku a kan gada, ɗaya yana share gumi da bayan hannu. A ƙasa ta rubuta, "Ga mai gadi, da godiya."

Auta ce ta kai masa. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Wannan na tsakiyar ya iya riƙe cebur," in ji shi, yana dariya.

Tun daga ranar Auta ta gane cewa idan mutum ya ba ka maganarsa, amana ce ya ba ka. Ka isar da ita yadda take, ko da ba ita kake son ji ba.