Sarƙar Auren Achi Rasamani

Sufeto Kanagu ya kai loma ta biyu ke nan ta shinkafa da miyar ƙaguwa, sai ga wata bas ta kutso harabar caji ofis, an yi mata ado da ganyen ayaba, kiɗa na tashi kamar gidan biki. Tun direba bai gama taka birki ba mutane suka fara zubowa, mata cikin sari na siliki, maza da fararen zannuwa, wasu da tabarau da hular rana. Kowa na magana, ba mai sauraron wani.

"Kai, ɗaya bayan ɗaya!" Sufeto ya daka tsawa. "Wa ya mutu?"

"Ba a mutu ba tukuna, Aiya, ranka ya daɗe," in ji wata 'yar tsohuwa da ta ratso taron, idonta jawur. "Talina aka sace."

Sufeto ya ture kwanon gefe. Tali dai sarƙar aure ce, ba a wasa da ita.

Sunan tsohuwar Rasamani, kowa na ce mata Achi, wato Kaka. Mijinta, Appu Ponnaiya, ya cika shekara tamanin, yau zai sake ɗaura mata sarƙar kamar ranar farko. Dangi sun zo daga Toronto da Landan, sun haɗu da na gida, aka ɗauki shatar bas don a zaga gaɓar tekun Jaffna a yi wuni ana shaƙatawa. Da safe aka cire sarƙar aka aza a faranti tare da kwakwa, aka rufe da siliki, aka bar wa Achi zaren kurkum a wuya. Mai jan ibada ya ce a ɗaura kafin rana ta faɗa teku. Da aka iso hasumiyar fitila ta Point Pedro aka yaye silikin za a ɗauki hoto, sai kwakwa kaɗai.

"Da wannan sarƙar na yi gudun yaƙi," in ji Achi. "Na sayar da 'yan kunne, na sayar da saniya, ita ban sayar ba. In rana ta faɗi ba ta wuyana, mutumin nan ba zai ga baɗi ba."

"Me ta ce?" Appu ya tara hannu a kunne. Yana tsaye ya rataya a kafaɗar wani saurayi mai shuɗiyar riga.

"Ta ce za ka mutu, Appu!" jikoki suka amsa baki ɗaya.

"Oho. Tun muna yara take faɗa."

Aka kwashe da dariya. Achi ba ta yi ba. Ta dafe zaren da ke wuyanta, kuma Sufeto ya ga tsoron na gaske ne.

"Kofur Nimal, jera su. A laluba kowa."

"Ba a gabana ba!" Achi ta tare shi. "Wasu shekara talatin rabonsu da ƙasar nan. Su zo bikina in sa a tuɓe su kamar ɓarayi? Nemo wata dabarar, ai don haka ake biyanka."

Sufeto ya dubi miyarsa da ta fara sanyi, ya dubi rana. Ya tabbata sarƙar na cikin motar nan, tunda an ce ba wanda ya ragu tun safe.

"To, a ci gaba da yawo. Ku matsa mana, da mu za a je."

Shewa ta tashi. Kafin bas ta hau titi an cusa masa ƙosai a hannu, wata ta rataya wa Kofur furanni.

Ya zauna kusa da direba, wani mai suna Anton.

"Ina kuka fara tsayawa?"

"Kirimalai, Aiya, wurin wanka. Kowa ya sauka, aka bar farantin a kujerar gaba."

"Kai fa?"

"Ni ko motsi ban yi ba. Ina nan kan sitiyari kamar an kafe ni da ƙusa."

Sufeto ya sunkuya ya zaro wani ƙoƙon ganyen giginya daga ƙarƙashin kujera, ya shinshina.

"Ashe yanzu bammi da ƙafarsa yake zuwa mota?"

Anton ya yi wuƙi-wuƙi. "Ƙoƙo ɗaya ne tak, Aiya, na rantse da kabarin uwata. Don ƙishi. Tun safe ne ma, ya sake ni."

"Kofur zai karɓi tuƙin. Wa ka bar wa motar?"

"Na kulle ta. Ɗan Kanadan can ne ya ce zai ɗauko wa Achi lema, na miƙa masa makulli. Mai shuɗiyar riga, Ragu."

Sufeto ya leƙa madubi. Ragu na tsakiyar mota yana jan waƙa, tsofaffi na amshi, Appu ya riƙe masa hannu gam yana kaɗa kai.

Da bas ta tsaya a bakin teku, kowa ya watse. Yara sun bi mai askirim, maza sun faɗa ruwa, 'yan Landan na shafa mai a hanci. Sufeto ya sami Kausala, jikar Achi da ta zo daga Toronto, wadda aka damƙa wa farantin.

"An ce ke ce mai tsaro."

"Ko ƙiftawa ban yi ba, Aiya. Yana cinyata tun daga gida."

"Gashinki da danshi."

Ta kai hannu ka, ta yi 'yar dariyar kunya. "To, na shiga ruwan. Wa zai zo Kirimalai daga uwa duniya ya ƙi wanka? Don Allah kada Achi ta ji."

"Ragu jirgi ɗaya kuka hau?"

"Ragu? A'a, ai ɗan nan ne. Daga gidan Kawu Sabesan yake, ina ji. Yaron kirki, shi ya loda mana kaya da safe."

Kawu Sabesan, babban ɗan Achi, yana zaune a inuwa yana fasa kwakwa. Da aka tambaye shi sai ya yi tsaki.

"Gidana? Ina! Cikin 'yan Toronto yake. Ba ka ga agogonsa ba? Ni waɗannan yaran na waje ban san rabinsu ba, in sun gaishe ni in amsa."

"Ɗan wa ne a cikinsu?"

Sabesan ya buɗe baki, ya rufe. "Ka san kunya ce mutum ya tambayi jininsa, kai ɗan wa ne."

Nan Sufeto ya ji daɗi ya ratsa shi har ya manta da miyar ƙaguwa. Dangi guda, na gida na zaton na waje ne, na waje na zaton na gida ne, kowa na tsoron a ce bai san zumunci ba! Amma zato ba hujja ba ne. In ya damƙe yaron aka tarar ba komai a jikinsa, Achi sai ta cinye shi ɗanye.

Ya tarar da Ragu zaune kan yashi, Appu na gyangyaɗi a kafaɗarsa.

"Tambi, ƙanena, ba ka shiga ruwa ba?"

"Mura nake yi, Aiya." Rigarsa a ɓalle har maƙogwaro, gumi na bin kumatunsa.

"Daga ina kake?"

"Muna can muna nan dai, ka san yadda dangi suke." Ya yi murmushi mai kyau, ya turo jakarsa. "Na ji ana maganar bincike. Ni ban damu ba. Ga jaka, ga aljihu."

Ya zazzage su da kansa. Mataji, waya, 'yan canji.

"Kai ne na farko da ya roƙa a laluba shi," in ji Sufeto.

Sai ga Achi da lema. "Aiya, ƙyale yaron nan! Tun safe shi ke ɗawainiya da tsoho. Duk jikokina ba mai hankalinsa. Rana tana tafiya, kai kana nan kana hira."

Gaskiyarta, rana ta karkata. Sufeto ya miƙe ya karkaɗe wando.

"A tafi ɗakin ibada, Achi. A shirya komai kamar sarƙar na nan."

"Ka gan ta?"

"Na kusa."

A hanya ya raɗa wa Kofur magana. Da aka sauka, Kofur ya manne wa Ragu ta hagu, Appu na dama.

Masu ganga da algaita suna jira a ƙofa, teku na bugun katanga ta baya. Aka tuɓe takalma. Maza suka shiga cire riguna kamar kullum, don namiji ba ya shiga wurin da riga. 'Yan Toronto na ta noƙe-noƙe suna haɗiye tumbi, matansu na yi musu tsiya.

Sufeto ya cire hula, ya ɓalle kakinsa ya miƙa wa Anton. Tumbinsa ya bayyana, wata tsohuwa ta ce, "Kai, gwamnati na kiwo!" Aka yi ta dariya, shi ma ya yi.

Ragu ya ja da baya. "Ni zan tsaya in yi gadin takalma."

"Takalma ba sa gudu," in ji Sufeto. "Ɗan dangi guda ya tsaya waje ana ɗaura auren kakansa? Cire mu shiga."

"Murar nan, Aiya..."

"Cire, ɗana," in ji Achi. "Kai za ka riƙe Appu a ciki."

Ragu ya dubi titi. Kofur na tsaye a wajen. Ya dubi Achi, ita kuwa murmushi take masa. Yatsunsa suka hau maɓalli na farko, na biyu, a na uku zinariya ta ƙyalla.

Algaita ta ɗauke.

"Sabesan, ɗanka ne?" in ji Sufeto.

"A'a."

"Kausala, naku ne?"

"Wallahi a'a!"

"Akwai mai shi a nan?"

Dangi suka shiga kallon-kallo. Ragu ya durƙusa, ya cire sarƙar da hannu biyu.

"Ba na kowa ba ne, Aiya. A tasha na gan su suna loda kaya, na kama musu, wata ta ce in shiga kada a bar ni. Da haka nake ci, bas ɗin 'yan biki. Na so in sulale tun a Kirimalai."

"Me ya hana ka?"

"Appu. Ya kama hannuna ya ce in raka shi, bai sake ni ba har yanzu. Ko bayan gida tare muka je."

Appu ya leƙa sarƙar, ya leƙa wuyan Ragu, sai ya gane. Ya fashe da dariya har da tari.

"Wuni guda da talina a wuyanka? Ashe amarya na yi ban sani ba! Rasamani, kin ga abin da kika ja mini?"

Dariya ta ɓarke, har mai jan ibada sai da ya juya baya. Achi kaɗai ta tsaya tana kallon Ragu, ranta a ɓace ƙwarai.

"Na ce maka ɗana," ta ce. "Da bakina."

Ragu ya sunkuyar da kai.

Aka wanke sarƙar da madara da ruwan kurkum. Rana ta yi ja, gindinta ya kusa taɓa ruwa. Ganga ta tashi da ƙarfi, aka zaunar da tsofaffin biyu. Appu ya zo ɗaurawa ya kasa kama maƙalin, ya sake gwadawa ya kasa. Jikoki suka yunƙura za su taimaka, Achi ta ɗaga musu hannu.

"Ku bar shi. Wancan karon ma haka ya yi."

A na uku ya kama. Shinkafa da furanni suka zubo musu ta ko'ina, mata na guɗa, Achi ta dafe sarƙar a ƙirji tana kuka tana dariya. Sufeto ya ji idonsa ya kawo ruwa, ya ce hayaƙin turare ne.

A waje Kofur ya sa wa Ragu ankwa. Za su wuce ke nan Achi ta fito da ƙunshin shinkafa a ganyen ayaba, ta ɗora masa a kan hannuwan.

"Ba a barin bikina da yunwa. In an sake ka, ka zo gida ta ƙofar gaba, ka faɗi sunan ubanka."

Ragu ya rungume ƙunshin, ya fashe da kuka kamar yaro. Kofur ya ja shi suka tafi.