Kukan Mai Tabo

Da yamma na kai wa Auta abinci wurin aikinta. Ita kaɗai ta rage mini tun rasuwar babanta. Aikinta kallon birai ne a wani babban keji bayan makarantarsu, tana binciken wane namiji ne shugaba, wane ne matan suke bi.

Na same ta tsugune gaban ƙaramar lasifika.

"Mama, zauna. Yau Mai Tabo zai yi magana."

Mai Tabo tsohon shugaban biran ne, kuma ya mutu. Ta naɗi kukansa tun yana raye. So take ta kunna, ta ga ko matan za su guje wa sabon shugaban.

"Ki ta da matacce don ki ga wa zai yi aure?" na ce. "Ga magariba ta kawo kai."

"Ke ma tsoronsa kike ji?" Ta yi dariya, ta danna.

Kukan ya fita, mai kauri. Biran suka yi tsit. Ta kashe.

Sai kukan ya sake tashi daga bayanmu.

"Na kashe ta, Mama," ta raɗa.

Warin jiƙaƙƙen gashi ya cika mini hanci. Sabon shugaban ya kifa fuskarsa a ƙasa. Matan suka matso bakin keji suna jira.

Abin da ya yi kukan bai kula su ba.

Numfashi mai ɗumi ya wuce ta kafaɗata. Ɗankwalin Auta ya zame. Na ga gashinta yana ɗagawa sili-sili, ana tsefe shi a hankali, yadda namijin biri yake yi wa wadda ya zaɓa.

Babu hannu.

Idonta ya fara lumshewa.

Na damƙi wuyan hannunta, ina karanta Ayatul Kursiyyu. Na ja, aka ja. Na ja da duk ƙarfina har muka faɗi bayan ƙofar shiga wurin.

Alhamdulillahi, Auta tana nan, tana ci tana sallah. Ta bar aikin. Amma karnukan unguwa sunkuyar da kai suke idan ta fito. Yaron da yake nemanta da aure ya zo sau ɗaya, ya dubi bayan kafaɗarta, ya gaishe ni a tsaye, bai dawo ba.

Kullum da safe nakan ga gashinta a tsefe tsaf. Ban taɓa tambayarta ba.